Lasisin Gidan Asibi

Da hantsi motar hukuma ta shigo Tungar Ɗangana. Jacob ne ya fara jin ƙararta tun tana gangaren makarantar firamare. Ya ajiye ludayin da yake auna wa mutane burkutu, ya ɗaga asabarin bayan rumfa, ya faɗa cikin dawa. Masu sha suka bi shi, wasu da ƙwaryarsu a hannu. Aka bar mahaifiyarsa Asibi a gaban murhu riƙe da muciya, sai tsohon masunci Cindo wanda ciwon gwiwa ba ya barinsa gudu.

Ma'aikata suka diro daga bayan motar. Babbansu ya tsaya a ƙofar rumfa ya toshe hanci.

"Wa ke da gidan nan?"

Cindo ya dubi ƙasa. Asibi ta jingine muciya jikin randa.

"Ni ce."

"Ina lasisi?"

"Shina zuwa."

"Bara ma haka kika ce mana."

Suka shiga fasa randuna, tsamin giya ya cika unguwa. Wani matashi daga cikinsu ya sa takalmi ya hankaɗa rabin duron da ke tafasa a kan wuta. Ba da niyya ya nufe ta ba, amma ruwan ya bi gangare ya sami ƙafarta ta hagu. Ta ja ƙafar, ta zauna a kan turmi, ta dube ta. Fatar ta yi fari ta tattare. Aka ce ta tashi, ta tashi. Cindo ya miƙa mata mayafinta, aka ɗora ta a bayan mota.

Gidan giyar ya girmi Jacob, ya girmi makarantar da ke kusa da shi. Dudu, uwar mijin Asibi, ita ta kafa murhun farko a shekarar da ruwan dam ya cinye tsohon gari aka kwaso mutane zuwa tudu. Maza sun rasa fadamunsu, suna wuni a gindin itace suna kallon ruwa, sai ta dafa musu abin da za su zauna a kai. A rumfarta aka rinƙa sasanta rigimar gona, a nan ake neman ma'aikatan gayya, a nan mai zuwa coci da mai bin al'adar kakanni da wanda ke sulalowa ta baya bayan la'asar suke haɗa gwiwa. Lasisin farko na En'e ne, hukumar gargajiya ta wancan zamani. Daga baya ya koma da sunan Sunday, mijin Asibi, wanda kowace shekara yake hawa keke ya je ya sabunta shi. Sunday ya rasu, dokar giya ta sauya. Aka ce sai ɗan mamacin ya nema da sunansa. Aka ce an dakatar da bayarwa. Aka ce za a kafa kwamiti domin ƙauyukan da addini ya cuɗanya. Tun daga nan gidan bai buɗe ba, bai kuma rufe ba. Asibi ke dafawa, Jacob ke sayarwa, idan mota ta zo Asibi ke hawa.

Da yamma wani ɗan kabu-kabu ya dawo da ita. Jacob na tsakar gida yana tattara sakaina da fasassun randuna.

"Inna, sannu. Ai na san ba su kwana da ke. Tsohuwa ba su riƙe ta." Ya hango ƙafar, ya ɗan dakata. "Wanga kuma hwa?"

"Ruwan duro."

"Sai a shafa man kaɗe. Inna, kin dai gane. In ni sunka kama, sunana ya ɓaci wurinsu, maganar lasisi ta mutu ke nan. Kwamitin ya ce mai nema sai wanda ba a taɓa kamawa ba. Don mu duka nika yi."

"Na gane," in ji ta.

Ya kawo man kaɗen da kansa, ya tsuguna ya shafa mata, ya ɗaure da tsumma. Kafin ya tashi ya gaya mata cewa ya aika a kawo sababbin randuna daga Wara, kuma tsiron dawar da ke ɗaki bai kamata ya lalace ba.

Ba ta yi kwana uku a kwance ba ta koma gaban murhu. Burkutu ba ya son zama. Sai an jiƙa dawa, an shanya ta ta tsiro, an niƙa, an dafa, an tace, an sake dafawa, mai dafawa na tsaye cikin hayaƙi tana juyawa don kada ya kama. Da can tana yi da ƙafa biyu, yanzu ta koma dogara da ɗaya. Idanunta sun daɗe suna ruwa. A wannan shekarar wani farin abu ya fara rufe na dama, har ta daina gane fuskar mutum sai ya yi magana. Tana gane dahuwar giya da hanci, tana gane wuta da zafin da ke dukan ƙwaurinta.

Ƙafar ba ta warke ba. Tsumman ya rinƙa mannewa, ƙudaje na bin ta duk inda ta zauna. Wata safiya Magaji, ƙanen marigayi mijinta, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya zo da jaki ɗauke da dawa. Bai taɓa sa ƙafa cikin rumfar ba tun da ya musulunta. A bakin danga yake sauke buhu, ya yi sallama daga nesa.

"Magaji, tsaya in gaya maka," in ji Asibi. "Na gaji. Ka yi wa ɗanka magana. Ƙahwar ga ta hwara wari, idona kuma ba shi gani."

Magaji ya gyara hularsa.

"Allah shi sawwaƙe. Amma ke ma kin sani, ni ban shiga sha'anin gidan ga. Dawa nika saidawa. Abin da mutum ya yi da dawa bayan ta bar rumbuna, tsakaninshi da Mahaliccinshi."

"Ba giya nika maka magana ba. Ƙahwata."

"To ai duk ɗaya ne. In na sa baki a ce ina da hannu. Ki yi haƙuri, yaron na ƙoƙari."

Ya kaɗa jakinsa ya tafi.

Ranar ta gaya wa Jacob da kanta. Yana zaune a kan bulo a filin da ya saya bakin hanyar mota, nesa da makaranta da masallaci da coci kamar yadda kwamitin ya gindaya. Gini ya kai taga. Ta dogara sanda ta je har can.

"Zan aje muciya," ta ce.

"Inna, yanzu? Dubi ginin ga. Da mi kike zaton ana ɗora bulon nan? In kin aje yau, gobe magina su watse. Ki ƙara mini wata ɗaya. Lasisi na hita ki zauna, ba ki ƙara taɓa itace. Asibiti ma har Yelwa zan kai ki."

"A ɗauko wata ta dahwa."

"Na gwada, kin manta? Mutane sunka ce ba hannun Asibi ba ne, sunka koma Tungar gaba."

Ta tsaya tana sauraron ƙarar shebur a cikin yashi. Sannan ta juya ta koma gida, domin ta bar wuta a ƙarƙashin duro.

Wata ɗaya ya wuce, ya ja wasu. Da farkon damina motar ta sake zuwa. Wannan karon ba su sake ta da yamma ba, suka ce maganar ta kai kotu, tunda an ja mata kunne ba ta ji ba. Ranar zama Jacob ya same ta a barandar kotu, sanye da riga mai guga. Ya tsuguna kusa da kunnenta.

"In an tambaye ki, gidan naki ne ke ɗai. Ni noma nika yi. Kar ki ambaci gini."

"To."

"Tara ce kawai za su yanka. Ana yankawa in biya mu koma gida."

Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya dube ta, ya dubi ƙafar da aka naɗe da tsumma da leda.

"Baiwar Allah, ke kika dafa, ke kika sayar?"

"Ni ce."

"Da wannan idon?"

"Da shi."

"Ba ki da 'ya'ya ne?"

"Ina da su."

"Suna ina?"

Jacob na zaune a bencin baya. Ba ta juya ba.

"Suna gona."

Alƙali ya ce doka ta ɗaure masa hannu, tunda ba karon farko ba ne. Ya yanke tara, in ba a biya ba zaman gidan yari. Ya tambayi ko akwai wani nata a cikin kotu. Ba wanda ya tashi.

A waje, kafin a shigar da ita mota, Jacob ya matso.

"Inna, abin ya hi yadda na zata. Kuma mai kwano ya riga ya kawo kaya, in ban sallame shi ba ruwa ya rushe ginin. Jibi ina nan tahe."

Ɓangaren mata na gidan yarin ɗaki ne mai tsawo da tsakar gida ƙarama. Aka ba ta wuri kusa da ƙofa saboda warin ƙafar. Wata ma'aikaciya mai tausayi takan kawo mata ruwan ɗumi da gishiri. Asibi ba ta roƙi komai ba, ba ta yi kuka ba. Da safe a fito da ita ta zauna jikin bango, da yamma a mayar da ita. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne hannuwanta. Tun tana amarya ba su taɓa wuni ba aiki ba. Yanzu suna kan cinyarta, ba ta san abin da za ta yi da su ba. Idon hagu ma ya bi na dama. Ta rinƙa gane rana da ɗumi, ta gane hadari da iska.

Jacob ya zo sau ɗaya, da sabulu da ƙuli-ƙuli. Ya ce kwano ya hau, saura ƙofofi da fenti. Ya ce kwamitin zai zo duba wuri, kuma idan aka ga ya biya wa mai laifin giya tara a daidai wannan lokaci, za a ce tare suke. Ya ce ta ƙara haƙuri kaɗan. Ta tambaye shi ko an ɗaure akuyarta, kada ta shiga gonar mutane. Ya ce an ɗaure.

Rebecca, ƙanwar Jacob, tana aure a Yelwa, tana sayar da banda a kasuwar kifi. Duk lokacin da ta kira wayar yayanta takan ji cewa Inna na rafi, ko tana barci, ko sabis ba kyau. Sai da Cindo ya kawo kifi kasuwa ya tsaya gaban tirenta yana ta gaisuwa ba ya tafiya.

"Yaya jikin Innar taku? Kin samu kin leƙa ta can?"

"Can ina, Baba?"

Cindo ya gane ba ta sani ba. Ya sauke kwandonsa ya gaya mata.

Rebecca ta karyar da kifinta gaba ɗaya a ranar, ta haɗa da abin da 'yan zumuntar matan coci suka tara mata, ta je ta biya tarar ta fito da uwarta. Daga ƙofar gidan yari asibiti suka wuce. Likita ya kwance tsumman, ya tambayi tun yaushe. Aka cire yatsun da suka mutu. Ido kuwa ya ce ɗaya ya tafi, ɗayan sai an gwada aiki, ba ya alkawari.

Da aka sallame su Rebecca ta kai ta Tungar Ɗangana. Mota ta sauke su daidai sabon ginin. An shafa masa shuɗin fenti, an jera fararen kujerun roba, faranti mai kama hasken rana na kan rufi, firji na gurnani a ciki. A bango, cikin gilashi, ga lasisi da sunan Jacob. Sama da ƙofa an kafa babban allo. Rebecca ta karanta shi a zuci, sannan ta karanta da ƙarfi don uwar ta ji.

"Gidan Asibi."

"Sunana?" in ji tsohuwar.

"Sunanki."

Jacob ya fito yana goge hannu. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya ce dama gobe yake shirin zuwa. Rebecca ta katse shi.

"Yaya, damina guda Inna na kurkuku kana ce mini tana rahi."

"In na gaya miki mi za ki yi? Ki tada hankalin kowa, maganar ta kai kunnen kwamiti. Ke kina Yelwa, ba ki san abin da muke gani nan ba. Shekara nawa ana hwasa muna randuna? Yau wa ya isa shi taɓa gidan ga? Kaka ta kahwa, Baba ya riƙe, ni na tsayar da shi da ƙahwahunshi. Wani sai ya ɗanɗana wuya kahin a kai nan."

"Kai ka ɗanɗana?"

"Rebecca," in ji Asibi. "Ƙahwata na zogi. A ba ni wuri in zauna."

Rebecca ta jawo kujerar roba. Jacob ya riƙe ɗaya gefen kujerar.

"Ba nan ba. Cikin sharuɗɗan, wanda kotu ta taɓa kamawa da laihin giya ba shi zama harabar. In mai duba ya biyo ya gan ta, sai su karɓe lasisin. Mu tahi gida, na gyara mata ɗaki."

Suka ratsa gari a hankali, Asibi a tsakiya. A tsohon gida babu rumfa, babu murhu. An baje wurin an shuka kuɓewa, domin kwamitin ya ce sai an rushe haramtaccen wuri kafin a ba da halastacce. Ɗakin da aka gyara mata shi ne inda take shanya tsiro. An share, an shimfiɗa sabuwar tabarma.

Magaji ya zo gaisuwa da magariba ta kusa. Wannan karon ya shigo har tsakar gida, tunda babu giya a ciki. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ce duk abin da ya sami bawa rubutacce ne. Ya ce shi tun farko bai so wannan sana'a ba.

Rebecca ta kwana biyu. Ta so ta tafi da uwar, amma ɗaki ɗaya suke haya da mijinta da yara, kuma jarinta ya tafi. Ta ce da ta farfaɗo za ta dawo ta ɗauke ta a yi aikin idon. Asibi ta ce to. Ta ce ta gaida yaran.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Matar maƙwabci na miƙo mata tuwo. Takan laluba bango ta fito ƙofar ɗaki ta zauna. Idan iska ta juyo daga bakin hanya takan jiyo kiɗa daga sabon ginin.

Sai dai kiɗan ya fi mutanen yawa. Giyar kwalba ta fi ƙarfin aljihun manomi da masunci. Direbobi kan tsaya, malaman makaranta kan zo ƙarshen wata, sauran ranaku kujerun roba na shan rana. Tsofaffin masu sha sukan leƙo, su dubi allon, su tambayi ina burkutun Asibi. Lasisin kuwa na kwalba ne kawai.

Bayan an yanke dawa Jacob ya zo ɗakinta da safe. Ya kawo mata koko da ƙosai, ya zauna a bakin ƙofa har ta gama.

"Inna, yaya ƙahwar?"

"Tana nan."

"Wurin nan ba shi tahiya yadda na zata. Kuma sabuntawa na tahe ƙarshen shekara." Ya sassauta murya. "Akwai wani kwari bayan gonar Baba Magaji, wajen bakin ruwa. Mota ba ta kaiwa. Na kai duro da randuna, na yi 'yar rumfa. Ba kullum ba, ranar kasuwa kaɗai. Ni ba ni iya zama wurin, kin san dalili. Amma duk abin da kike so a kai miki."

Asibi ta juya fuskarta wajen da muryarsa ke fitowa. Jacob ya sunkuyar da kai, ko da yake ba ta ganinsa.

"Dawar ta tsiro?" ta ce.

"Ta tsiro."

"Itacen hwa? Kar a kawo ɗanye."

Shi ya goya ta a mashin har inda hanya ta ƙare, ya riƙe hannunta suka gangara, ya ɗora tafinta a kan bakin duro don ta san inda yake. Ya hura mata wuta, ya koma bakin hanya ya buɗe firji.

Ba wanda bai sani ba a Tungar Ɗangana. Magaji ya sani, ta gonarsa ake bi, kuma jakinsa ne ya kai dawar. Matar da ke miƙa tuwo ta sani. Masu zuwa coci sun sani, masu zuwa masallaci sun sani. Kowa ya ce sha'anin gida ne, tsakanin ɗa da uwa ba a shiga. Wasu suka ce ai ita ta yarda, ba wanda ya ɗaure ta. Wasu suka ce zama wuri ɗaya ma ba shi da kyau ga tsoho. Da akwai doka a kan nisan gidan giya da makaranta, da doka a kan irin ginin, da doka a kan wanda zai zauna a kujera. Ba a rubuta komai ba a kan wadda ke tsaye gaban wutar.

Ranar kasuwa kwarin ya cika tun kafin azahar. Asibi na tsaye da ƙafa ɗaya da rabi, tana miƙa hannu tana auna zafin wuta, tana juya muciya. Cindo ma ya gangaro da sandarsa. Ya daɗe yana kallonta, kamar zai ce wani abu. Aka miƙo masa ƙwarya. Ya karɓa, ya kurɓa, ya goge baki.

"Hannun Inna bai canza ba," in ji wani daga baya.

Kowa ya ce gaskiya ne.